Yadda Motata Ta Zama Bagobira

Ranar ƙasar Gobir ba ta barin komai da launin da aka san shi da shi. Ka shanya baƙar riga ka manta da ita, ka dawo ka tarar da ruwan toka. Ka bar buhun taki a gona bayan damina, kafin a gama kaka in ka ɗaga shi sai ya zube gari a hannunka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hatta kujerar robar mai shayi sai ta yi fari-fari ta soma tsattsagewa, a zauna mata da bismilla, a tashi da hamdala. In bazara ta gama nata, hunturu ya taso da buji daga hamada ya kankare abin da ya rage. Mutanen Sabon Birni da Isa sun daɗe da karɓar wannan hukunci. Ni kaɗai ne na ɗaukaka ƙara.

A kan mota na ɗaukaka ta. A wajenmu in mutum ya ce ya sayi mota, ba a tambayarsa wace iri, sai dai a ce, "Ta biyu ko ta ukku?" domin Golf ce ke riƙe da ƙasar nan. Ita ke kai mutane Isa da Shinkafi, ita ke bi ta Goronyo zuwa Sakkwato, ita ke tsallaka iyaka ta nufi Maraɗi. Jamusawa sun fara ƙera ta a 1974 da nufin ta ɗauki mutum biyar. Direbobinmu ne suka gano cewa kawaici ne ya hana Bature faɗin ainihin ƙarfinta: biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhunan albasa a but, akuya a kan buhunan, yaron mota yana riƙe da akuyar.

Tawa ta uku ce, samfurin da aka fara fitarwa a 1991, shuɗiya. 'Yar Kwatano ce. Ta biyo ta Nijar ta shigo tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a watan Janairun 2017, ta yi 'yan aure-aurenta a hannun mutane, sannan ta iso gidana. Inji lafiya lau, giya ba ta gardama. Aibinta ɗaya: baƙaƙen robobin jikinta, wato bamba ta gaba da ta baya da dogayen robobin da suka bi tsawon ƙofofi, duk sun yi furfura. Ba su karye ba, ba su hana ta tafiya ba. Uwargida ma ta ce ita ba ta taɓa lura ba. Amma ni malamin tarihi ne, na san daula ba ta faɗuwa rana ɗaya, daga gefe take fara koɗewa. Alkalawa, babban birnin Gobir, ma ai kafin ta faɗi a 1808 akwai waɗanda suka ga alamu suka yi shiru.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanwar uwargida, za a kai ta Isa. Surukina ya aiko cewa a motata amarya za ta shiga. Wannan ba ƙaramar girmamawa ba ce, domin akwai wani mijin 'yar gidan da ke da mota, kuma kowa ya san ya sa rai. Na tsaya na dubi motata da idon dangin ango. Na ga ba za a ce da ni komai ba, amma za a yi kallon da ya fi magana ciwo.

Na kai matsalar majalisarmu ta gindin dogonyaro kusa da tasha, inda ba a taɓa kawo ciwon da aka rasa maganinsa ba. Mai shayi ne ya fara. Ya ajiye ludayi, ya shafa bambar da yatsa, ya ce, "Malam, wanga ba ciwo ba na, yunwa ta. Robag ga ta bushe. Ba ta man gyaɗa ta sha."

Da yamma na ɗebi man gyaɗan uwargida a murfin kwano, na shafe robobin tas. Jama'a, abin ya yi! Baƙi wuluk, har da ƙyalli. Na ɗauko kujera na zauna ina kallon motar har aka kira magariba. Da asuba na fito na tarar awakin maƙwabcina sun jeru a bambar gaba suna lasa, kiyashi kuma sun ja layi tun daga taya har marfin inji. Inda awaki suka bari, ƙura ta karɓa. Kafin azahar robar ta tashi daga ruwan toka ta koma jar ƙasa.

Wani tsohon direban layin Sakkwato ya yi dariya har da riƙe ciki. "Man gyaɗa na miya na, Malam. Mota mi tas sani in ba baƙin mai ba?" Ya sa yaronsa ya kawo mini galan na tsohon man inji da aka juye. Shi ma ya yi baƙi, ya fi na gyaɗa ma, kuma awaki ba su kusance shi ba. Sai dai duk yaron da ya goga jikinsa da motar ya koma gida da tambari, kuma iyaye mata na unguwa suka fara aiko mini da gaisuwa iri-iri. Mai wankin takalmin tasha ya ce laifin mai ne, a gwada man takalmi. Na gwada. Rana ta yi masa kallo ɗaya ya tsiyaye.

Sai mai walda. Shi bai yi dogon bayani ba, ya kunna wutar gas ɗinsa, ya rage harshenta, ya wuce da ita a kan kusurwar bambar baya da sauri, sau ɗaya. Wurin ya koma baƙi ƙirin a gaban idona, ba mai, ba wari. Aka kira la'asar, ya ce in jira shi ya yi alwala. To, ni na riga na yi tawa niyyar a zuci, kuma abin da na gani bai fi ƙarfin mai digiri ba. Na ɗauki wutar. Na fara lafiya. Sai ga wani dattijo abokin mahaifina ya tsaya da kekensa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ɗiya, ya makaranta, ya hunturu, ya muka ji da wannan zamani. Ba a katse gaisuwar babba, ba a kuma amsa ta ana kallon wani wuri. Da muka kai "sai an jima", kusurwar bambar ta saki leɓe ta zubo ƙasa tana hayaƙi. Mai walda ya dawo da ruwan alwala a gemu, ya dubi bambar, ya dube ni, ya karɓi wutarsa ya kashe, bai ce uffan ba.

Washegari a ɗakin malamai na ba abokina malamin kimiyya labari, don ya taya ni jin haushin dattijon. Maimakon haka ya gyara zama. Shi kuwa in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara daga wanda ya ƙirƙiro agogo. Ya ce robar nan sunanta polipirofilin, wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya samar da ita a 1954, har ya sami lambar Nobel a 1963. Ya ce da ita ake yin buhun taki da kujerar mai shayi da bokitin uwargida, shi ya sa duk cuta ɗaya ke kama su. Baƙin da ke jikinta ba fenti ba ne, wani baƙin gari ne irin kunkunniya da ake cuɗawa a ciki tun tana narke. A cikin hasken rana kuma akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ke tsinka ƙwayoyin robar na sama-sama, fatar ta tsattsage ƙanana-ƙanana, haske ya riƙa watsewa a kai, ido ya ga toka-toka. Mai, ko na gyaɗa ko na inji, cike tsagogin yake yi, shi ya sa take baƙi har ya bushe ko ƙura ta sha shi. Wuta kuwa narkar da fatar take ta lafe, amma robar na narkewa gaba ɗaya a wajen digiri 160, harshen wutar walda kuma ya ninka haka sau da yawa.

Na ce to ai magana ta ƙare, fenti zan yi mata. Ya ce nan ne ma gizo ke saƙar. Wannan roba ba ta son abokin zama: ruwa ba ya kama ta, gam ba ya kama ta, fenti ma sai da wani share fage na musamman. Balle yanzu da na shayar da ita mai kala uku. Ya ce in kai wa masu sana'ar. Na dube shi. Mutumin nan ko keke ba shi da shi. Na tuna masa cewa ni jikan Bawa Jan Gwarzo ne, kuma ba a taɓa jin Bagobiri ya juya wa roba baya ba.

Tun da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumban 2021, har da namu biyu, Sabon Birni da Isa, muka koyi ajiye layin Nijar a waya don ɓacin rana. Da shi na hau tudun bayan gari na nemo bidiyon wani Bature yana wannan aiki. Na ga farko: yana cire robobin da murmushi. Sai hoton ya tsaya yana juyi. Da ya dawo, ga Bature yana mayar da su baƙaƙe sumul, har yanzu yana murmushi. Abin da ke tsakani ya tafi da iska. Na lissafa cewa in da muhimmi ne, da an sa shi a farko.

Na ba wani direba saƙo ya sayo mini gwangwanayen fentin feshi a Sakkwato, baƙi mai ƙyalli, mafi araha. Na tashi da sassafe na ɗauko sukundireba. Robobin ƙofa ashe ba manna su aka yi ba, wasu ƙananan maƙalai ne na roba a baya, kowanne ya shige raminsa a jikin ƙarfe. Rana ta gasa su shekara da shekaru har sun zama ƙanzo. Na cusa bakin sukundireba na danna. Ƙas! Maƙali ya karye, sukundireba ta zame ta ja farin layi a kan shuɗin fenti, daga tsakiyar ƙofa ya gangara. Na matsa gaba na sake. Ƙas! Wani layin. Na canza dabara, na danna daga ƙasa. Ƙas! Wannan layin ya fi na baya tsawo. Na gama gefe ɗaya na koma ɗayan, domin aikin da aka fara ba a barinsa rabi. Babban ɗana da ke riƙe mini kwanon ƙusoshi ya ce, "Baba, Baturen ma haka tashi ta yi?" Na ce ya je ya ga ko uwarsa na kira.

Bambobin ba su ba ni wahala sosai ba, in ban da ƙusa ɗaya da ta yi tsatsa, wadda muka rabu da ita ta hanyar guduma. Na jera kayan a tsakar gida a kan tsofaffin jaridu, na goge su da tsumma. Daga baya wasu sun tayar da maganar cewa tsumman da na shafa baƙin mai da shi ne. Ni dai na san tsumma tsumma ne.

Na girgiza gwangwani na fesa. A daidai lokacin buji ya taso. Rabin fentin ya sauka a kan roba, rabin ya bi iska ya rarrabu tsakanin bangon ɗaki, zanen uwargida da ke kan igiya, da wata farar kaza da ta zo kallo. Wanda ya sauka a robar kuma ya ƙi kwanciya. Sai ya riƙa janyewa yana barin 'yan ramuka zagaye-zagaye, ko'ina ido-ido. Na ce ƙaranci ne. Na matso da gwangwanin dab da robar na danna har yatsana ya sage. Ramukan suka cike, fentin ya taru ya fara gangarowa yana hawaye. Na ƙara wani a kan hawayen. Ƙura ta sauka a kai, na rufe ta da wani. Da gwangwani na ƙarshe ya yi tusa ya mutu, kayan sun yi baƙi, sun yi kauri, suna ƙyalli. Kazar nan ta bi ta kan bambar gaba daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sa hannu a aikin.

Uwargida ta fito ta ɗaga zanenta ta duba, ta ce, "Malam, wanga aiki na gwamnati na ko na Allah da Annabi?" Na ce ta jira ta ga ƙarshe.

Jajibirin biki na taɓa fentin na ji ya bushe. Mayarwa ce ta zama aiki, tunda maƙalan duk sun riga mu gidan gaskiya. Na haɗa da abin da ke akwai: gam mai kamawa nan take, wayar ɗaurin shinge, da tsinken robar tayar mashin. Daga nesa, da magariba, in mutum bai sa tabarau ba, motar ta fito sabuwa.

Ranar ɗaurin aure na ajiye ta a ƙofar gidan surukaina tun hantsi, inda kowa zai gani, a cikin rana. Baƙin abu kuwa shan zafi gare shi. Ashe saman fentin ne kawai ya bushe, cikinsa yana nan danƙo, rana ta sake tayar da shi. Bayan an shafa fatiha, waliyyin amarya, yayan surukina, dattijo mai kwarjini wanda ko surukin nawa ba ya zama a gabansa sai an ce ya zauna, ya fito cikin farar shadda sabuwa dal, an sha aiki a wuya. Mutane suka yi layi suna gaishe shi. Ƙafa ta gaji, ya nemi abin jingina. Ga bango, ga bishiya, ga motar ɗaya surukin. Ya zaɓi tawa.

Ina tsaye ina gani. Tsakanina da shi akwai kunyar da ba ta barin in ce masa ko "Baba, matsa". Ya jingina ya karɓi gaisuwar mutanen Gatawa, ya karɓi ta mutanen Tsamaye, ya gyara tsayuwa ya karɓi ta baƙin da suka zo daga Tsibiri. Da ya miƙe, sai da aka ji 'yar ƙara, ɗaf. Baƙin layi ya ratsa bayan rigar daga wannan hannu zuwa wancan, miƙaƙƙe sumul, ko tela sai haka.

Kowa ya gani, kowa ya ɗauke kai. Ni kuma na bi bayansa dab da dab duk inda ya nufa, ina tare layin da jikina, har mutane suka fara yaba ladabina. Wata 'yar jikarsa ce ta tona. Ta ja hannun rigar ta ce, "Kaka, wa ya yi maka rubutu ga baya?" Dattijo ya tuɓe babbar rigar a nutse, ya ɗaga ta ya duba, ya dubi motar, sannan ya dube ni. Ya ce, "Malam, an ce mani ka yi ma mota henti. Ashe hal da mu cikin kwangilag ga. Allah shi yi albarka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A da, da daddare ake kai amarya, da fitilu da guɗa. Yanzu halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa da rana tsaka ake yi, motoci a jere, kuma in an tashi ba a tsayawa sai an isa. A hanyar Isa ko hularka ce ta faɗi, ka yi mata addu'a ka wuce. Amarya na baya tsakanin gwaggonninta biyu, lulluɓe, tana kukan al'ada. Mun ɗan yi nisa sai na ji fyuu ta hagu. A madubi na hango robar ƙofa tana juyi a sama, ta sauka a gonar wani. Gwaggo ɗaya ta ce, "Malam, wani abu ya hita ga motakka." Na ce na sani, Gwaggo, dama ba a buƙatarsa. Can sai ta dama ta bi 'yar'uwarta. Muka faɗa wani rami, wayar da ke riƙe da bambar baya ta tsinke ta gefe ɗaya, bambar ta sauka tana jan ƙasa, ƙurrr, tana tayar da ƙurar da ta rufe motar ɗaya surukin da ke bin mu. Wannan ɓangaren bai ɓata mini rai ba. Kukan amarya ya fara canza murya. Gwaggo ta ɗaga mayafin don ta rarrashe ta, ta tarar dariya take har da hawaye. Haka muka shiga Isa, yara na bin mu da gudu.

Wani ɗan'uwan ango ya ce akwai mai fentin mota a bayan tasha, in je in gan shi. Na tarar da dattijo Bayarabe, haifaffen Sakkwato, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya dubi kumatuna kafin ya dubi motar, fuskarsa ta washe. "Lale da bawana! Yau Allah ya kawo mani kayana hal gida." Na ce, "Kai dai bawa, tashi ka yi ma ubangijinka aiki." Tsakanin Bagobiri da Bayarabe wannan ita ce sallama, ba mai fushi. Amma ranar nan shi ke da riba, don ni na zo da abin dariya a hannu.

Ya zagaya motar a hankali. Ya sa farcen babban yatsa a gefen bambar gaba ya ɗaga, fentina ya taso falle guda, da sawun kaza da komai, ya miƙo mini. Ya sunsuna robar. "Baƙin mai. Man takalmi." Ya sake sunsunawa. "Wanga kuma mi na? Ƙuli-ƙuli kat toya bisa?" Ya juya bambar ya nuna mini wasu haruffa da aka buga a cikinta, PP a tsakanin 'yan kibiyoyi biyu. Ya ce masu ƙera ta sun rubuta sunan robar don mai gyara ya san da wa yake magana, amma sai wanda ya juya ya duba.

Na bar motar a wajensa, na riƙa zuwa ina kallo, don in tabbatar yana yi daidai. Abin da ya ba ni mamaki, fentin shi ne ƙaramin aiki. Yaransa sun wanke robobin da omo da burushi, suka ɗauraye, suka sake, suka sake, har sai da ruwa ya daina tsalle a kai. Suka goge da wani ruwa mai cire maiƙo, da farin tsumma, in ya yi datti a jefar a ɗauki wani. Suka bi da samfefa mai laushi, ba don a cinye robar ba, don a kawar da matacciyar fatar a kuma ba fenti wurin riƙo. Ya aika Sakkwato aka kawo wani gwangwani na share fage wanda don irin wannan roba aka yi shi, ruwansa garau, in an fesa ba ka ma ganin an yi komai. Shi ne ɗan tsakani, ya kama roba da hannu ɗaya, ya kama fenti da ɗayan. A cikin rumfa aka yi aikin, an rufe ta da tamfol, an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ya riƙe feshin nesa da robar kamar taƙi guda, hannunsa na tafiya kafin ya danna, yana wucewa kafin ya saki. Shafin farko siriri ne har ana hango robar. Na ce bai rufe ba. Ya ce, "Bawa, zamna." Ya jira ya sha iska, ya ƙara wani siririn, ya jira, ya ƙara. Fentin ma ba mai ƙyalli ba ne, mai dushi-dushi ne irin na asali. Sababbin maƙalai da robobin ƙofa da bambar baya kuwa daga 'yan gwangwan aka samo su, daga jikin wata Golf da ta gama nata zamanin. Da zai cire wata 'yar roba da ta rage a ƙofa, wani lallausan ƙarfe ya naɗe da tsumma ya zura daidai kan maƙalin, ya ɗaga a hankali, ta fito lafiya. Ya dube ni, bai ce komai ba, yaransa suka ce masa.

Da aka zo lissafi ya faɗi kuɗi, na ce bawa ba ya cajin ubangijinsa. Ya ce ai wannan ba caji ba ne, haraji ne na shekarun da ban biya ba. Uwargida ta yi nata lissafin a gida: kuɗin Bayarabe, kuɗin gwangwanaye, bamba, zane, man gyaɗa, da shadda yadi goma da ɗinki da aka kai wa dattijo da ban-haƙuri. Ta ce da tun farko na kai masa, da kashi ɗaya cikin huɗu ya isa. Wannan lissafin masu sayar da daddawa ne. Bai sa ilmin da aka samu a ciki ba. A majalisa kuma har yau kowa na kan bakansa: mai shayi ya ce man gyaɗan ne ba na gargajiya ba, direba ya ce ban bari baƙin man ya jiƙa ba, mai walda ya ce shi dai a daina sa sunansa.

Saura fararen layukan ƙofofi. Ranar da zan karɓi motar, Bayaraben ya tsuguna ya ƙirga na hagu da yatsa, ya zagaya ya ƙirga na dama. Ya tashi yana tafa hannu. "Shidda nan, shidda can! Bawana, ashe ba ɓarna kay yi ba, tsage kay yi mata. Amma aikin bai cika ba. Naku shidda na ga kunci guda, bakwai ga gudan. Kawo ƙusa in cika maka, kyauta." Na ce Allah ya kiyaye ranar da Bayarabe zai yi wa 'yar Gobir tsage. Ya ce to ya shafe su da fenti? Na tambayi kuɗin, na ji, na ce a bar mata gadonta.

Ban san wanda ya kai labarin gidana ba. Na dai fito wata safiya na tarar da autana tsugune a ƙofar dama da ƙusa a hannu, ya ja na bakwai, ya ma fi nawa miƙewa. Ya ɗago yana jiran yabo. Kafin la'asar magana ta kai Isa. Direban farko da ya dawo ya tsaya a majalisa, ya ce Baba mai fenti na gaishe ni, yana barka, yana kuma tambaya: yaushe ne suna, kuma ragon na wuyan wa?